Taswirar zurfin Lagdo: a saya ko a zana?

9 ga Oktoba, 2023

Kuɗin da za a kashe ba nawa ba ne ni kaɗai, shi ya sa zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya. Masu jirage na ƙungiyarmu ta masunta a nan tafkin Lagdo, a arewacin Kamaru, sun yi karo-karo za a sayi na'urar gano kifi, aka kuma ɗora mini ɗawainiyar bincike, wai tunda ni ke gyaran injin jirgi da haɗa sola, duk abin da ke da waya nawa ne. Ƙanena da ke Faransa shi zai sayo ya ba mai zuwa Garwa. Jiya ya turo saƙo: "Yaya, akwai mai taswira a ciki, akwai marar taswira, akwai kuma katin taswira da ake saye daban. Wanne zan ɗauko?"

Na'urar kanta ba ta da wuyar fahimta. Akwai wani ɗan ƙaramin kunne da ake ɗaurewa a gindin jirgi, cikin ruwa. Shi ke aika sauti ƙasa, ya saurari dawowarsa. Sauti na gudun wajen mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, don haka daga lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo na'ura ke lissafa zurfi. Duk abin da ya tare sautin a hanya, kifi ne ko reshe, sai ya fito a allo. Wannan aiki ba ya buƙatar taswira ko kaɗan. Taswira wani abu ne daban: hoton ƙasan tafki da wasu suka riga suka auna, da layukan da ke nuna inda ya yi zurfi da inda ya yi tudu, GPS kuma ya nuna maka inda jirginka yake a kai. Wannan na biyun ne ake neman mu biya wa ƙarin kuɗi.

16 ga Oktoba, 2023

Satin nan na ƙarar da kuɗin intanet ɗina a shafukan kamfanoni. Manyan masu wannan sana'a ba su da yawa. Garmin ya saye Navionics na Italiya a 2017. Lowrance na tafiya da taswirar C-MAP. Humminbird na da tasa mai suna LakeMaster. Taswirar da ke zuwa cikin na'ura tun daga masana'anta, idan ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan tallar, za ka tarar ta tafkunan Amurka ce, wani lokaci da Kanada. Ta Garmin da ake kira LakeVü, alal misali, da na duba na tarar tana ɗauke da tafkuna sama da 17,000, dukkansu a Amurka. Wadda ake sayarwa a Turai kuma galibi da taswirar duniya ta gama-gari take zuwa, sai ka sayi katin yankinka.

Abin da ya cece mu shi ne ana iya leƙa taswirar a intanet kafin a biya. Na ja hoton har Kamaru. Bakin teku kam an yi masa aiki: mashigar Duwala, Limbe, Kribi, ga lambobin zurfi, ga alamun hanya. Na hauro arewa, na bi Binuwai har na iso Lagdo. Shuɗin tabo ne kawai, da siffar tafkin, babu layin zurfi ko ɗaya a wuraren da na duba.

Ban ji haushi ba. Wanda ya zana tafkin Amurka ya san mutum nawa za su sayi katin. Mu nan wa zai saya?

Wani mai shagon kayan lantarki a Garwa ya ce zai iya samo mana "katin Afirka gaba ɗaya". Na ce ya buɗe mini Lagdo in gani tukuna. Ya ce sai an biya an kawo. Na ce a'a, ba ma cinikin biri a sama. Kati irin wannan ya kan haura dalar Amurka 100, wasu ma su kusa ninka haka, kuma sabunta shi bayan shekarar farko da kuɗi ne.

Na rubuta wa ƙanena ya nemo ƙarama wadda ke da GPS kuma take iya zana taswira da kanta yayin da jirgi ke tafiya. Kowane kamfani da sunan da ya ba wannan fasaha: Quickdraw Contours a Garmin, Genesis Live a Lowrance, AutoChart Live a Humminbird. Ba zan faɗi wadda muka zaɓa ba, kada a ce talla nake yi.

12 ga Nuwamba, 2023

Na'urar ta iso. Mai walda ya yi mana ƙarfe mai maɗauri, wanda za a iya kwancewa a mayar wani jirgi, tunda ta ƙungiya ce. Batir mai bolt 12 na cikin bokitin fenti mai murfi, da rana a ɗora shi kan sola. Mun sa kunnen nesa da farfelar inji, don kumfar da take tayarwa na rikita lissafi.

Akwai wani saiti da ke zana 'yan hotunan kifi a allo. Yara sun so shi ƙwarai. Na kashe shi, domin ganye ma idan ya wuce sai ya ba shi siffar kifi.

26 ga Nuwamba, 2023

Kawu ne ya tuƙa jirgin a fitarmu ta farko ta zane. Yana cikin waɗanda suka zo nan tun ruwa bai gama cika ba. Sinawa ne suka gina madatsar tsakanin 1977 da 1982, tsayinta mita 40, tsawonta mita 308, kuma kafin nan wannan wuri duk daji ne da gonaki da ƙauyuka, Binuwai na ratsawa ta tsakiya. Kawu ya ga bishiyoyin nan a tsaye kafin ruwa ya shanye su. Da ya ga na sunkuya kan allo sai ya yi dariya ya ce, "Kifi na ganinka, mai jar koma."

Yadda zanen ke tafiya: akwai da'ira kewaye da hoton jirgi a allo. Idan kore ce, na'ura na samun zurfi da GPS yadda ya kamata, kuma gudun bai kai kilomita 16 a awa ba. Ka ƙara wuta ta koma ruwan ɗorawa, ka wuce kima ta yi ja. Bayan jirgi kuma layukan zurfi na fitowa, tazarar ƙafa ɗaya tsakanin layi da layi, wato santimita 30. Inda layuka suka matsu da juna gangare ne mai tsini, inda suka baje fili ne.

Muna cikin ruwan mita 6, sai Kawu ya rage inji ba tare da ya dubi allo ba, ya ce, "Ɗan nan, duba abinka, yanzu za mu faɗa tsohon kogi." Kafin jirgi ya yi tsawonsa uku lamba ta tashi daga 6 ta koma 9, ta koma 14. Ya daidaita wani dutse da ke gaɓar gabas da wata tsamiya da ke bayansa, shi ke nan GPS ɗinsa. Na tambaye shi me na'urar za ta ƙara masa ke nan. Ya ce shi ba ta ƙara masa komai ba a nan, amma ranar da ya kwanta dama dutsen da tsamiyar ba za su yi wa jikokinsa magana ba.

A gefen wannan gangare ne muka ga manyan baka-baka a allo, wato alamar kifi, kusa da ƙasa. Washegari yaran Kawu suka shimfiɗa mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi, a wurin, suka ɗago giwan ruwa biyu. Ba zan ce na'ura ce ta kama ba, don wurin sananne ne gare su. Abin da ta yi shi ne ta nuna daidai inda gangaren ya karya ya yi kwana, wanda da gora ba za ka taɓa aunawa ba, tunda babu gorar da ke kai mita 14.

20 ga Disamba, 2023

A taron ƙungiya wani ya ce tunda abin na aiki, mu zana tafkin duka mu huta. Na ɗauki biro na yi musu lissafi a bayan kwalin sukari.

Faɗin tafkin Lagdo idan ya cika murabba'in kilomita 586 ne. Sautin da kunne ke aikawa ba ya ganin wuri mai faɗi: yana buɗewa ne kaɗan-kaɗan yayin da yake sauka, kuma a irin saitin da aka fi amfani da shi, faɗin abin da yake gani a ƙasa bai wuce sulusin zurfin ba. A ruwan mita 6, mita 2 kacal ke nan. Sauran abin da ke tsakanin layin da ka bi da na gaba, na'ura cike gurbi take yi da kintace. To a ce mun bar mita 50 tsakanin layi da layi, wanda ma ya yi faɗi. Kowane murabba'in kilomita ɗaya zai ci tafiyar kilomita 20. Tafkin duka zai haura kilomita 11,000. A gudun kilomita 8 a awa, ana maganar awa sama da 1,400 inji na kunne. Ɗakin ya yi tsit, sai ma'aji ya tambayi nawa ne litar mai yau.

Wannan lissafi ya sa na daina ganin tsadar katin da Turawa ke sayarwa. Inda aka auna tafki da gaske, kuma mutum baƙo ne a ruwan, dala ɗari da wani abu araha ce idan aka gwada da man da zai ƙona kafin ya san wurin. Wanda ke shiga teku daga Kribi ko Limbe, ko mai bin mashigar kogin Wuri zuwa Duwala, ni zan ce ya saya, don can akwai abin da aka zuba a katin. Matsalarmu ita ce kawai ba a zuba namu ba.

Mun tsayar da shawara: ba za a fita musamman don zane ba sai a wurare uku da muke yawan zuba ragar kalli. Sauran, duk jirgin da na'ura ke kai ranar, ya bar ta kunne yana harkarsa, ya kuma ɗan sauya hanya kowace fita don kada a yi ta maimaita layi ɗaya.

18 ga Janairu, 2024

Hazo ya rufe ko'ina, daga tsakiyar ruwa ba ka ganin gaɓa balle dutsen Kawu. Jirgin da ke ɗauke da na'ura ya bi sawunsa na jiya a allo ya je kan kallinsa kai tsaye, ya dawo gida. Wannan aikin GPS ne, ba na taswirar zurfi ba, kuma ko mafi arahar na'ura mai GPS za ta yi shi.

Mun fara dasa alamomi: kututture, dutsen da ke ɓoye, wuraren da dorina ke kwana. Zuwa yanzu alamomin kututture sun fi kowane abu amfani. Kalli ɗaya da ya sarƙe a busasshiyar bishiya ya yage, asararsa ta isa mutum ya yi sati yana ɗinki.

24 ga Maris, 2024

Azumi ga zafi, aikin ya ja baya. Sai bayan asuba ake ɗan fita, kafin hantsi an dawo.

Amma watan nan ne ya nuna mini abin da ya fi komai muhimmanci a wannan magana. Lagdo ba tafkin Allah ba ne mai tsayawa wuri ɗaya, rumbun ruwa ne. Yana cika da damina, daga nan kuma sai ja baya har ruwan sama ya dawo: injinan wuta huɗu na madatsar, masu ba da megawat 72 idan duk suna aiki, suna shan nasu, gonakin rani na ƙasan madatsa na shan nasu, rana na shan nata. A shekarar da ruwa ya yi yawa kuma sai a buɗe ƙofofi, kamar yadda mutanen Yola da na ƙasa da su ba za su manta da 2012 da 2022 ba. Tun Nuwamba na shafa fenti a jikin wani dutse daidai bakin ruwa, ina aunawa duk Juma'a da tef. Yau ruwa ya sauka mita 3 da 'yan kai daga wannan fenti.

Ma'anarsa, inda taswirarmu ta Nuwamba ta ce mita 6, yau bai kai 3 ba. Inda ta ce mita 2, shanun Fulani na kiwo a kai. Kututturen da muka wuce ta kansa lafiya a Disamba yanzu yana daf da fasa jirgi. Idan kuma ka ci gaba da zane a yau ba tare da ka faɗa wa na'ura ruwa ya sauka ba, sabon layi zai ci karo da tsoho, ta zana maka gangaren da babu shi a duniya. Akwai saitin gyaran tsayin ruwa saboda wannan: ka shigar da bambancin kafin ka fara, sai duk zanen ya zauna kan ma'auni ɗaya. Mun mayar da fentin Nuwamba ya zama sifirinmu. Duk wanda zai fita da na'ura sai ya biyo ta shagona ya karɓi lambar satin, na kuma rubuta ta da alli a jikin ƙofa don ranar da ba na nan.

Ko da a ce gobe wani kamfani ya fito da katin Lagdo, tambayar farko da zan yi ita ce: a wane wata aka auna, kuma ruwa na wane tsayi? Ta biyu: a wace shekara? Domin ƙasan ma ba a zaune yake ba. Binuwai da Mayo Rai na kwaso yashi da laka duk damina suna zubewa inda gudun ruwa ya mutu, can sama wajen bakin tafki. Kawu na nuna mini wuraren da a ƙuruciyarsa gora ba ta taɓa ƙasa, yau ciyawa ce. Taswirar da aka auna shekara goma da suka wuce za ta yi gaskiya a kusa da duwatsu, ta yi ƙarya a bakin kogi, kuma ba za ta gaya maka ina ne ta yi wanne ba.

21 ga Afrilu, 2024

Bayan Sallah mun yi baƙo, wani dillalin banda da ke zirga-zirga tsakanin Kuseri da tsibiran Tafkin Cadi. Ya ji labarin na'urarmu, yana so ya saya wa masuntan da yake ba jari, kuma an riga an yi masa tallar mai taswira.

Na ce masa, "Alhaji, ku riƙe kuɗinku." Tafkin Cadi a farkon shekarun 1960 ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka, yanzu kuma yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon abin da kogin Shari ya kawo, tunda kusan duk ruwansa daga can yake. Wurin da gaɓa kanta ke tafiya, wace taswira ce za ta zauna? Ga shi kuma ruwan ba zurfi, yawancinsa 'yan mitoci ne. A ruwan mita 2, abin da kunne ke gani a ƙasa bai kai faɗin tabarma ba, ciyawa ta cika allo, ƙarar inji kuma ta riga ta kori kifin kafin jirgi ya iso kansa. Masu kafa tarkon dumba da gura ba sa neman kifi, tare masa hanya suke yi. Haka na ce masa game da madatsar Maga ma, wadda aka tare a 1979 don noman shinkafa: shimfiɗaɗɗen ruwa ne, gora ta wadatar. Abin da zai amfane shi a can GPS ne na gane hanya cikin ciyayi, wannan kuwa ko wayar hannu na yi.

Ya ce to me ya sa mu muka saya? Na ce Lagdo kwari ne da aka cika da ruwa, yana da tsohon kogi da duwatsu da rami a ƙasa. Akwai abin gani.

19 ga Mayu, 2024

Rigimar da ban zata ba ta taso, kuma ba ta na'ura ba ce. Kamfanonin nan suna da dandali inda masu zane ke ɗora abin da suka zana, kowa ya sauke kyauta. Da haka ne ma taswirar wasu tafkunan ke ƙara kyau. Wani matashi cikinmu ya ce mu ɗora tamu, Lagdo ta fito a duniya, wataƙila wasu su ƙara a kai mu ma mu amfana.

Dattawa suka ce atafau. Ramin da mutum ya gada daga ubansa, wanda ko maƙwabcinsa bai sani ba, a ɗora shi inda duk mai waya zai gani? Ni ina ganin dattawan sun fi gaskiya, ko da yake ba don dalilinsu kaɗai ba. Masunta sun yi wa tafkin nan yawa, daga Najeriya, daga Cadi, daga Mali, ga na gida. Kifin da ake kawowa kasuwa yana ƙanƙancewa, kowa na gani da idonsa. Ramukan nan masu zurfi su ne mafakar manyan giwan ruwa da rani. A nuna wa kowa ƙofarsu, shekara nawa za su yi?

Aka kai magana gaban Sarkin Ruwa. Matashin ya ce, "Ranka ya daɗe, ilimi ba a ɓoye shi." Sarki ya ce a raba abin biyu. Alamomin haɗari, kututture da dutse da makwancin dorina, a ba duk wanda ya nema, ɗan ƙungiya ne ko baƙo, har masu jiragen fasinja. Layukan zurfi da wuraren kamu kuwa su tsaya a ƙungiya. Haka aka yi. Na kwafe alamomin haɗarin a takarda da lambobinsu na GPS, an manna ɗaya a mashiga.

23 ga Yuni, 2024

Ruwan sama ya fara zama, tafki ya daina sauka. Hutun kamun kifi na damina da ma'aikatar kiwo da kamun kifi ke sawa ya ƙarato, don haka na kwance na'ura, na wanke kunnen, na naɗe wayoyi. Na kwafe zanen a kwamfutar wani malamin makaranta da kuma katin memori guda biyu, ɗaya a wurina, ɗaya a wurin ma'aji.

Abin da ke hannu: wurarenmu uku sun zanu sosai, tsohon kogi ya fito daga gaban mashiga har kwanar da ya yi wajen duwatsu, sauran tafkin kuwa zare-zare ne inda jirage suka ratsa. Masu kalli sun ce yagewar raga ta ragu. Kamu bai canza yadda za a yi shela ba.

Ƙanena ya sake tambaya ko ya ƙaro katin taswira yanzu da aka yi ragi a shagon da ya saya. Na ce masa a'a. Idan yana da niyyar alheri ya aiko da kunne na biyu, don wanda muke da shi idan ya daki kututture aiki ya tsaya, sai kuma fis da wayar wuta ta ajiya. Ma'aji ya ware kuɗin batir na biyu da jarka biyu na mai don Oktoba, lokacin da ruwa zai kai ƙololuwa, mu samu mu bi gefen gabas da ya zama tudu tun Fabrairu. Zan ci gaba da auna dutsen fenti duk Juma'a har cikin hutun, don mu san da wace lamba za mu buɗe.